Gradle Na 9: Bashin Da Ya Biyo Masu Manhaja Har Tudun Wada

Ran Alhamis 31 ga watan Yuli, 2025, wani kamfani da ke birnin San Faransisko ta ƙasar Amurka ya ba da sanarwar fitowar zubi na 9 na wata manhaja tasa mai suna Gradle. Ba a buga ganga ba, gidajen rediyo ba su faɗa ba, kuma in da za a tare mutum ɗari a Tashar Dukku a tambaye su, da ƙyar a sami guda wanda ya taɓa jin sunan. Amma kuwa galibin wayoyin da ke aljihun mutanen nan na Android ne, kuma mafi yawan manhajojin da ke cikinsu, tun daga ta banki har zuwa mai tuna wa mutum lokacin salla, ta hannun Gradle suka biyo kafin su zama abin da ake latsawa.

A Gombe, in akwai unguwar da labarin nan ya shafa kai tsaye, to Tudun Wada ce. A nan Jami'ar Jihar Gombe take tun da aka kafa ta cikin 2004, zamanin Gwamna Muhammadu Ɗanjuma Goje, kuma a kewayenta ne ɗakunan hayar ɗalibai da shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta suka yi dafifi. Cikin ɗakunan nan akwai samari da 'yan mata masu karatun ilmin kwamfuta, waɗanda da yawansu manhajar waya suke zaɓa ta zama aikinsu na kammala karatu. Akwai kuma waɗanda suka riga suka gama, suka ƙi zaman jiran aikin gwamnati, suna rubuta wa makarantu masu zaman kansu da kantunan magani da ƙungiyoyin adashi 'yan manhajoji, suna samun na tuwo. Waɗannan su ne sabon zubin ya zo wa da takardar bashi, ko da yake da yawansu ba su san sun ci bashin ba.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata mai karatu ya san ko mene ne aikin Gradle. Manhaja ba ta fitowa daga hannun marubucinta a shirye. Abin da yake rubutawa umarni ne cikin wani harshe na kwamfuta, kamar Java ko Kotlin, a warwatse cikin fayiloli barkatai, ga hotuna a gefe, ga sautuka. Sa'an nan babu marubucin da ke rubuta kome da kome da kansa. Abin da zai haɗa manhajar da intanet, da abin da zai nuna taswira, da abin da zai adana bayani, duk aro yake yi daga waɗansu rumbuna da ke intanet, inda wasu suka rubuta suka ajiye kyauta. Kowane kayan aro kuwa yana da nasa kayan aron da ya jingina da su, har ta kan kai mutum ya nemi abu goma a kawo masa ɗari.

To, matsayin Gradle a nan shi ne na sarkin magina a bakin gini. Shi ba ya kwaɓa ƙasa, ba ya yin tubali, amma shi ya san abin da ke gaba da abin da ke baya, ya san ba a ɗora azara sai bango ya sha iska. Shi ke aikawa rumbu a ɗauko kayan aro, ya duba ko sun dace da juna, ya miƙa rubutun ga mai juya shi zuwa harshen da waya ke ji, ya gwada, ya ɗaure kome cikin ƙunshi guda, ya buga masa hatimin mai shi. In gobe aka taɓa fayil ɗaya, ba zai rushe ginin duka ba, sai ya sake inda taɓawar ta shafa kurum.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Cikin 1976 wani masani mai suna Stuart Feldman, a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, ya rubuta kakan irin waɗannan manhajoji, ya sa masa suna Make. Dalilinsa kuwa, wani abokin aikinsa ne ya faɗo masa ofis a fusace, bayan ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da ya riga ya gyara, ashe mantawa ya yi bai sake harhaɗa fayil ɗin ba. Akwai wani abu a tarihin Make da ya dace a tuna. Feldman ya kafa doka cewa kowane layin umarni sai ya fara da wata tazara ta musamman, wadda ido ba ya iya rarrabe ta da tazarar yau da kullum. Ko da ya gane kuskure ya yi, masu amfani da abin sun kai kamar goma sha biyu, galibinsu abokansa, bai so ya ɓata musu aiki ba, sai ya ƙyale. Ga shi shekara wajen 50 ke nan kuskuren yana nan, yana ta kayar da mutane a ko'ina cikin duniya.

Bayan Make aka yi Ant cikin 2000, aka yi Maven cikin 2004, sa'an nan wani Bajamushe mai suna Hans Dockter ya fito da Gradle cikin 2008, cikakken zubinsa na farko ya fito cikin 2012. Sa'arsa ta tashi ne a watan Mayu na 2013, sa'ad da kamfanin Google ya fito da Android Studio, ɗakin aikin masu rubuta manhajar Android, ya kuma ɗauki Gradle ya zama magininsa. Tun daga ranar ya zama ƙofar da ba a kauce mata. Har waɗanda suka gudu zuwa Flutter ko React Native don neman sauƙi, in sun zo gina wa Android, Gradle ne ke jiransu a bakin ƙofa.

Masu Gradle ba su ɗauki halin Feldman ba. Su al'adarsu ita ce, in sun ga wata hanya ta tsufa, sai su fara da gargaɗi, su bar ta tana aiki har ƙarshen zubin da ake ciki, in babban zubi na gaba ya zo su tumɓuke ta. Zubi na 7 ya fito a watan Afrilu na 2021, na 8 a watan Fabrairu na 2023, na 9 a watan Yuli na 2025, watau kusan duk bayan shekara biyu ake share fage. Gargaɗin kuwa ba a ɓoye yake ba. Duk sa'ad da aka gama gini, in akwai tsohuwar hanya a ciki, sai wani layi ya fito a ƙasan allo yana cewa an yi amfani da abin da aka daina yayi, kuma ginin nan ba zai tashi a babban zubi mai zuwa ba. Sai dai kusa da layin nan akwai wani da koren rubutu mai cewa gini ya yi nasara, kuma ido can yake tafiya. Haka mutum zai yi shekara biyu yana tsallake gargaɗi sau da yawa kowace rana, har ya zama kamar kiran mai talla a bakin titi. Wannan shi ne bashin da aka ambata.

Abin da zubi na 9 ya zo karɓa yana da dama, amma biyu ne suka fi taɓa ƙananan masu aiki. Na farko, Gradle kansa ba ya tashi kuma sai da Java 17 ko abin da ya fi shi. Zubi na 8 yana karɓar Java 8, wanda ya fito tun cikin 2014, kuma shi ne har yanzu zaune cikin kwamfutoci da yawa, domin da shi aka koya wa mutane darasin farko, ba su sake waiwayarsa ba. Java 17 ɗin ba baƙo ba ne, tun watan Satumba na 2021 yake nan, kuma dokar ba ta hana a gina manhajar da za ta yi aiki da tsohon Java ba. Maginin ne kawai ya ce shi ba zai fito aiki da tsohon takalmi ba.

Na biyun ya fi ciwo. Akwai wani babban rumbun kayan aro da ake kira JCenter, na kamfanin JFrog, wanda shekara da shekaru Android Studio ke rubuta sunansa da kansa cikin kowane sabon aiki. A watan Fabrairu na 2021 masu shi suka ce za su rufe, aka yi ta jan ƙafa, har a watan Agusta na 2024 aka karkatar da masu zuwa can zuwa wani rumbu, Maven Central. Kayan da masu su suka kwashe suka mayar can sun tsira, waɗanda aka yi watsi da su kuwa sun tafi ke nan. Zubi na 9 ya cire kalmar da ake kiran JCenter da ita gaba ɗaya. Saboda haka duk tsohon aikin da ke ɗauke da ita, da duk darasin YouTube na wancan zamani da ɗalibi zai kwaikwaya baƙi da baƙi, a kan layin nan zai tsaya cik, kafin a ɗora ko tubali guda.

Sauran canje-canjen sun fi shafar masu rubuta mahaɗan da ake ƙara wa Gradle. An ɗaga harsunan da ake rubuta masa umarni da su zuwa Kotlin 2.2 da Groovy 4, an kuma koma lambar zubi mai gida uku, watau 9.0.0, don lambar da kanta ta nuna ko canjin babba ne ko ƙarami. Da fitowarsa kuma aka daina kula da zubi na 7 sam, na 8 ya koma na gyaran manyan kurakurai kaɗai.

Ba za a yi wa sabon zubin adalci ba in ba a faɗi alherinsa ba. Kafin Gradle ya fara kowane gini yakan tsaya ya karanta tsarin aikin duka, ya jera abin da zai yi, kuma wannan tsayawa tana cin lokaci ko da ba a canza kome cikin tsarin ba. An yi masa wata ajiya inda zai riƙe tsarin da ya jera jiya ya yi aiki da shi yau. Ajiyar ta fara a matsayin gwaji cikin 2020, ta tabbata a zubi na 8.1, a zubi na 9 kuwa ta zama hanyar da ake so kowa ya bi, ko da yake ba a kunna ta da tilas ba tukuna. Ga mai aiki da kwamfutar da batirinta bai wuce awa guda ba, wanda zai gina manhajarsa sau talatin kafin wuta ta dawo, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Haka kuma ƙunshin da Gradle ke ɗaurewa da kansa yanzu iri ɗaya yake fitowa sak, ko yau aka ɗaure ko gobe, ko a wannan kwamfuta ko a waccan, muddin rubutun bai canza ba.

Mai karatu yana iya cewa, to wa ya tilasta wa wani? Wanda tsohon ya ishe shi ai sai ya zauna a kansa. Da gaskiyarsa, har zuwa wani wuri. Kowane aiki yana zuwa da wani ɗan fayil na abin da ake kira Gradle Wrapper, inda aka rubuta lambar zubin da aka gina shi da shi, kuma muddin ba a taɓa lambar nan ba, zubin nan za a ɗauko ko da shekara nawa. Masu Gradle ba su da ikon shiga ɗakin kowa su canza masa.

Tilas ɗin daga wajen Google take zuwa, kuma sarƙa ce mai gaɓoɓi. Kowace shekara, ran 31 ga watan Agusta, kasuwar Google Play takan ɗaga matakin Android da take karɓa. Daga wannan rana cikin 2025, sabuwar manhaja ko gyaran tsohuwa sai wadda aka gina wa Android 15. Wadda aka bari a baya sosai ba a goge ta, amma sababbin masu nema da wayoyin zamani ba za su ƙara ganinta a kasuwar ba. Gina wa Android 15 yana bukatar mahaɗin Android na Gradle zubi na 8.6 ko sama, shi kuma mahaɗin yana bukatar Gradle 8.7 da Java 17. A watan Janairu na 2026 Google ya fitar da zubi na 9 na mahaɗin, wanda ba ya karɓar Gradle da bai kai 9.1 ba. Watau kasuwa na jan mahaɗi, mahaɗi na jan Gradle, Gradle na jan Java, kowa kuma yana jan yaron da ke zaune a ɗakin haya a Tudun Wada. Ko wanda ya ce shi ba ruwansa da kasuwa, ta Xender ko WhatsApp yake raba manhajarsa, bai tsira ba, jinkiri kawai ya samu. Android 14 ba ya yarda a sa masa manhajar da aka gina wa abin da ya girmi Android 6, Android 15 kuma ya matsar da iyakar zuwa Android 7.

A nan ne bambancin San Faransisko da Gombe ke fitowa fili. A can, sabuntawa aikin yini ne, ga wuta, ga intanet da ba a auna shi. A nan kowace gaɓa ta sarƙar nan kuɗi ce. Android Studio kaɗai ya haura gigabait 1, ban da kayan aikin da zai nema bayan an sa shi. Kowane zubi na Gradle ya haura megabait 100, kuma wanda ke da ayyuka uku masu lamba uku sai ya sauko da uku. Kayan aro kuwa ba a san iyakarsu ba sai an fara. In layi ya yanke ana tsakiyar saukewa, sau da yawa sai an koma farko. Duk wannan yana faruwa ne bayan Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Google da kansa ya ce Android Studio yana bukatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 a ƙalla, alhali kwamfutocin hannu da ɗalibai ke iya saye da yawansu rabin haka suke zuwa da shi, sai ka ga an danna gini an tafi salla an dawo bai gama ba.

Batun wuta kuwa mutanen Gombe ba sa bukatar tuni. A watan Afrilu na 2024 ɓarayi suka kayar da turaku huɗu na babban layin da ya taso daga Jos, garin ya yi makonni cikin duhu tare da Yola da Jalingo, a watan Oktoba na shekarar kuma aka sake shiga wani duhun da ya game yawancin Arewa. Janareto da aka saba fakewa da shi ya zama na masu hali tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga watan Mayu, 2023. Wanda ya tsara cewa maginin nan zai riƙa leƙa intanet yana sauko da kaya duk sa'ad da ya ga dama, lalle bai taɓa zama a shagon cajin waya yana jiran layi ba.

Mutum biyu ne abin ya fi ritsawa da su. Na farko ɗalibin ajin ƙarshe. A ce saura mako biyu ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, ya ɗauko wani tsohon aiki daga GitHub, ko kuwa, in za a faɗi gaskiya, ya saya a hannun wanda ya gama shekara huɗu da suka wuce. Ya buɗe shi cikin sabon Android Studio, ɗakin aikin ya yi masa tayin sabuntawa, ya danna amincewa ba tare da karantawa ba. Nan take allo ya cika da jan rubutu. Ya gyara maganar Java, ta JCenter ta fito. Ya gyara wannan, wani kayan aro da mai shi ya yi watsi da shi tun 2019 ya ƙi tashi. Shi kuwa ba a taɓa nuna masa cikin fayil ɗin gini ba, a wurinsa wani ɗaki ne na aljanu da ba a shiga. Sai ya koma kwafo amsoshi daga intanet yana liƙawa, ko ya roƙi manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa, kowace amsa ta zubi dabam, har ya haɗa abin da ko masu Gradle ba za su gane shi ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Amma abin takaicin shi ne, wanda ya zauna ya rubuta nasa da guminsa ma yana iya faɗawa ramin nan, in darasin da ya bi tsoho ne.

Na biyun ya fi ban tausayi, don shi sunansa ne a kan layi. Shi ne wanda ya yi wa wata makaranta manhajar duba sakamakon yara, aka biya shi sau ɗaya, aka yi musafaha aka rabu. Bayan shekara biyu mai makaranta ya kira shi, iyaye masu sababbin wayoyi sun ce ba su ganin manhajar, ko kuwa ana son a canza lambar asusu kurum, aikin minti biyar. Kafin ya kai ga minti biyar ɗin sai ya yi kwana uku yana hawan sarƙar nan gaɓa gaɓa, da datarsa da man janaretonsa. In ya nemi a biya shi, a ce ai shi ya yi aikin bai yi kyau ba. In ya yi shiru ya ɓace, a ce yaran nan ba su da amana, gobe a kai aikin Legas.

Mai makaranta yana ɗaukar manhaja tamkar ginin bulo da siminti, a gama a miƙa makulli. Ita kuwa ginin ƙasa ce. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, kuma babu wanda ke zargin magini da ha'inci don an sake kiransa. An san ruwa ne ke ci. Ruwan manhaja shi ne 31 ga watan Agusta, kuma yarjejeniyar da ba ta ambaci kuɗin yaɓen shekara ba, ba ta kare mai aiki ba, ba ta kuma kare mai biya ba. Ya kamata kuma mai biya ya karɓi rubutun manhajar duka tare da fayilolin gininta, don in mai aikin ya tafi bautar ƙasa ko ya koma Abuja, wani ya iya ɗorawa.

Laifin masu Gradle da Google a nan a bayyane yake. Saƙonnin kuskurensu sau da yawa dogaye ne, ainihin dalilin yana binne can tsakiya, kuma sai mutum ya haɗa jadawalin lambobi uku ko huɗu kafin ya san wane zubi ke tafiya da wane. Gradle kyauta ne, kamfanin yana samun kuɗinsa ne daga wata haja mai suna Develocity da yake sayar wa manyan kamfanoni, saboda haka ba abin mamaki ba ne in kunnensa ya fi karkata ga masu ginin da ya kai girman gari. Duk da haka, zaɓin da suka yi ya fi na Feldman. Gara a cire ruɓaɓɓiyar azara da sanarwar shekara biyu da a bar ta shekara hamsin don jin nauyin abokai. Kuma hanyar hawa a rubuce take. Mutum ya fara ɗaga aikinsa zuwa ƙarshen zubi na 8, watau 8.14, ya umarci Gradle ya nuna masa gargaɗin duka dalla-dalla, ya gyara su ɗaya bayan ɗaya yayin da ginin ke tashi, ya sabunta mahaɗansa, sa'an nan ya canza lambar zuwa 9. Wanda ya bi wannan ya ajiye kwafin aikinsa kafin kowane mataki, da wuya ya kwana cikin jan rubutu. Wanda ya yi tsalle daga 6 zuwa 9 daren kare aiki kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da ya rage ga makarantu. Manhajar karatun da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Cikin kashi 30 ɗin nan akwai wurin mako biyu ko uku da za a zaunar da ɗalibi a buɗe masa fayil ɗin gini, a karanta shi layi layi, a ba shi tsohon aiki da gangan a ce ya tashe shi. Wannan shi ne aikin da zai tarar ran da ya fara aiki a ko'ina, domin sabon ma'aikaci ba a ba shi fili ya yi sabon gini, tsohon gida ake ba shi ya gyara. Malamin da ke duba aikin kammala karatu ma in ya ce a gina manhajar a gabansa daga rubutunta, a kan kwamfutar da ba ta mai aikin ba, zai gane mai guminsa da mai saye cikin minti goma.

Maganar data kuwa tana da magani a kusa, kuma Arewa ta riga ta san irinsa. Masu turin fina-finai a kasuwa sau ɗaya suke sauko da fim, su tura wa mutum ɗari. Gradle yana ajiye duk kayan aron da ya sauko da su cikin wata jaka a kwamfuta, ana iya kwafe ta a kai wata kwamfutar, ana iya ajiye ta wuri guda mutane da yawa su riƙa ɗiba, akwai kuma umarnin da ke hana shi leƙa intanet sam, ya yi aiki da abin da ke gida. Da sashen ilmin kwamfuta, ko wani mai shago a bakin jami'a, zai ware kwamfuta guda mai ɗauke da Android Studio da Java 17 da zubin Gradle da ake yayi da kayan aron da aka fi nema, da ɗaliban aji guda ba su sayi abu ɗaya sau hamsin daga kamfanin waya ba. Mai shagon da ya fara wannan zai sami ciniki a lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke cikin zafin aiki, fiye da abin da buga takardu ke kawo masa.

Tun ranar da zubi na 9 ya fito, layin gargaɗin nan na ƙasan allo ya sake lamba. Duk aikin da ya haye da sauran tsohuwar hanya a jikinsa, yanzu zubi na 10 ake ambata masa, kuma masu Gradle sun riga sun faɗi cewa a zubin nan ne suke nufin kunna ajiyar tsari ga kowa, ko ya nema ko bai nema ba.